Littafin Jana'izar Mai Gada

Ranar da rediyo ya sanar da mutuwar Mai Gada, Gyara yana durƙushe a gindin injin buga takardu, da tsumma a hannu, yana kankare tawadar da ta bushe. Matarsa ce ta ƙara sautin rediyon daga teburin da take naɗe katunan biki. Gyara ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To," ya ci gaba da aikinsa. Sai dai ya danna tsumman da ƙarfin da ya sa ya ƙuje ɗan yatsa a jikin ƙarfe.

Mai Gada ba baƙo ba ne ga kowa, amma bari a faɗa don a san wanda ake magana a kai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana mulkin ƙasar, ya sauka, ya tsufa a wani gida mai doguwar katanga. Shi ya gina babbar gadar da ta haɗa unguwannin ƙetare da cikin gari, daga nan laƙabin ya bi shi har sunansa na ainihi ya kusa ɓacewa. Shi ya jawo ruwan famfo, shi ya gina asibitin yara. Gyara bai taɓa musun ko ɗaya ba. Mutum ne da ba ya ƙaunar kuskure, dalilin da ya sa ma aka laƙaba masa Gyara ke nan, don ba ya iya wuce allon shago bai tsaya ya nuna wa mai shi inda aka yi kwaɓa ba. Gada tana nan, kullum sau biyu yake bi ta kanta.

Amma a shekara ta shida ta mulkin, malaman makaranta suka shiga yajin aiki, kuma yayan Gyara ne shugabansu. Wata Talata da hantsi mutum huɗu suka zo makarantar a mota marar lamba, suka ce Yaya ya fito, magana ce ta minti biyar. Ya ajiye alli a kan tebur ya bi su. Yau shekara ashirin da shida ke nan. An neme shi sama ko ƙasa, ofishin da ba a shiga ba sai wanda ba a gina ba, kowa ya ce bai san zancen ba. Washegarin ɗauke shi ma sai da aka zo gida aka kwashe takardunsa da hotunansa kaf, har takardar baftismarsa ba a bari ba.

Da rana Gyara ya koma gida cin abinci, ya tarar da Mama zaune a bakin gadonta, ƙaramin rediyo a cinya. Shekararta tamanin da uku, ƙafafu sun fara ƙin ta, amma baki da ƙwaƙwalwa ras suke.

"Auta, ka ji?" Har gobe haka take kiransa, da furfurarsa da komai.

"Na ji, Mama."

"Ba mutuwar nake nufi ba. Ka ji abin da Fasto ya ce? Fastonmu fa, da bakinsa, a rediyo. Wai wata biyu yana zuwa wurin Mai Gada a asibiti. Wai ya tuba. Wai har baftisma aka yi masa a kan gado."

Gyara ya ja dogon tsaki. "Tuba! Sai da ƙafa ɗaya ta shiga rami? Ai wannan kowa ma ya iya."

"Rufe mini baki, ba wa'azi na tambaye ka ba." Ta kashe rediyon. "Wanda ya tuba ai faɗa yake yi. Ya ce na yi kaza, na yi kaza. In ya faɗa, to ya faɗi inda ya kai mini ɗa. Ka je ka tambayi Fasto. Ni ba na neman a ɗaure kowa, wanda za a ɗaure ya tafi. Wuri kawai nake so a nuna mini, ko juji ne, in je in tsaya a kai kafin ƙafafun nan su ajiye ni gaba ɗaya."

Ya ce zai tambaya.

Bai ma kai ga zuwa ba, sai ga Fasto da kansa ranar Laraba da safe, da ƙatuwar ambulan a hammata. Shagon Gyara ɗaki ɗaya ne mai tsawo: inji a ƙurya, wuƙar yanka takarda a gefe, kwamfuta da na'urar ɗaukar hoto kusa da ƙofa, sai tarin takardu da mutum ke ratsawa a karkace. Fasto ya saba da wurin. Duk takardun coci a nan ake buga su, Gyara kuma dattijo ne a ikilisiya, shekara goma sha biyu yana raba gurasa ranar jibin Ubangiji. Fasto ne ma ya ɗaura musu aure da matarsa.

"Littafin jana'iza ne," in ji Fasto, ya ɗora ambulan a kan tebur a hankali kamar mai ajiye ƙwai. "Shafi ashirin da huɗu, guda dubu uku. Asabar za a yi. Ni na ce wa iyalin a kawo maka."

Gyara ya dube shi, ya dubi ambulan. "Ni? Fasto, duk masu injin garin nan sun mutu ne?"

"Na san abin da nake yi. Na ce ko ta nan Ubangiji zai buɗe maka ƙofar gafara."

Ka ji fa! Mutum ya ɗauko garwashi ya ɗora maka a tafin hannu, ya ce don ka ji ɗumi ne. Gyara ya danne fushinsa, don yana da abin da yake nema a bakin mutumin nan.

"Mama ta aiko ni da tambaya."

Fasto ya sunkuyar da kai. Ya san tambayar, duk ikilisiyar ta san ta. Ya duba agogo, ya ce ana jiransa a gidan makoki, gobe zai dawo tare da babbar 'yar marigayin, wadda ake kira Barista, don ta sa hannu. Gobe za su yi magana. Kan ka ce kwabo ya fice. Gyara ya karɓi aikin ne kawai don ya san dole Fasto ya sake tako ƙafa cikin shagon.

Gyara yana da dokoki biyu a aikinsa, kuma ba ya ɗaga su ko ga wa. Ta farko, ba ya buga fuskar mutum a gaban hoto ba tare da sunansa a ƙasa ba. Ta biyu, inji ba ya tashi sai mai aiki ya karanta sunaye da rubutun ƙasan hotuna da ƙarfi, da bakinsa, sannan ya sa hannu a kwafin gwaji. Ya kafa su ne tun ranar da ya buga sanarwar rasuwar wani tela da hoton ƙaninsa mai rai, ƙanin ya zo shagon da almakashi a hannu. Mutane suna mita, suna cewa shagon Gyara ya fi aji ɗaya wahala, amma suna dawowa.

Shi kansa haka yake duba aiki. Da ya gama shigar da rubutun, matarsa ta ɗauki na asali tana karantawa, shi yana bin gwajin da rula, layi bayan layi.

"Uba ga marayu," ta karanta. "Bangon talakawa. Bawan Allah mai tawali'u, wanda bai taɓa kwana da kowa a zuciyarsa ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Gyara. "Ba ya bari su kwana."

"Baban yara, don Allah. Ko dai mu mayar musu da kayansu?"

"Karanta, Uwargida. Layi na gaba."

Ta karanta. Shafi bakwai na yabo, kowane layi ya fi na bayansa maiƙo. Wanda ya rubuta ya san aikinsa, ba ƙarya ko ɗaya da za ka kama da hannu. An ce ya gina, ya gina ɗin. An ce ya ba da, ya ba da ɗin. Abin da aka bari a waje ne ya fi littafin kauri, kuma rula ba ta kama wannan irin kuskuren. Gyara ya gyara waƙafi biyu da kwanan wata ɗaya, yana jin kamar yana wanke wa maƙiyinsa ƙafa.

Sai aka zo kan hotuna. Ashirin da biyu ne, kowanne da ɗan rubutu a bayansa da hannun Barista. Gyara yana kifa su a kan gilashin na'ura ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko kallon gabansu, don ya gaji da ganin haƙoran mutumin. Na goma sha huɗu tsoho ne, baƙi da fari. A bayansa an rubuta: "Shafi na tara. A sa a ƙasa: Mai son zaman lafiya, yana sulhu da malamai." Akwai hatimin mai hoto da kwanan wata. Ya kifa, ya danna, hoton ya fara sauka a fuskar kwamfuta daga sama zuwa ƙasa.

Mai Gada ne yana dariya, ya kama hannun wani siririn mutum da hannu biyu. Mutumin yana da biro biyu a aljihun riga, da ɗan tabo a saman girar hagu. Gyara ya san tabon. Shi ya yi shi da murfin gwangwani, yana ɗan shekara biyar, a kan rigimar wa zai fara wanka.

"Yesu!" in ji matarsa daga bayansa. Ba ta taɓa ganin Yaya ba, bayan an ɗauke shi aka yi aurensu, amma ta ga goshin mijinta da hancin ɗanta na fari.

Shekara ashirin da shida Gyara bai ga fuskar nan ba, har ya fara tsoron ya manta ta. Abin da ya fi dukansa shi ne Yaya ya zama yaro. Talatin da huɗu yake a hoton. Gyara yanzu ya girmi yayansa da shekara ashirin da ɗaya, ya isa ya aike shi sayen ƙusa. Ya ɗaga murfin na'urar, ya juya hoton, ya sake duba hatimin. Asabar ce. Kwana uku kafin Talatar.

Ashe a gidan mutumin fuskar take duk tsawon shekarun nan, a cikin kundin hotuna, tsakanin bikin haihuwa da buɗe gada. An kwashe ta daga ɗakin uwarsa, an bar ta a falon wanda ya kashe shi. Yanzu kuma an kawo wa ƙaninsa ya ƙawata ta, ya buga dubu uku, don jama'a su ga yadda marigayi ke son zaman lafiya. Gyara ya tashi ya fita bayan shago, ya tsaya gaban famfo yana huci. Da ya dawo idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya zauna, ya goge abin da Barista ta ce a sa, ya rubuta nasa.

Ranar Alhamis Fasto ya riga Barista isowa da kusan rabin sa'a. Gyara bai ba shi kujera ba.

"Fasto, injin nan ba zai tashi ba sai ka ba ni amsar Mama."

Fasto ya jawo kujerar da kansa ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Na tambaye shi," ya ce. "Kada ka ɗauka ban tambaya ba. Sau uku, a ranaku daban-daban. Na kira masa sunan yayanka cikakke. Na ce malamin makaranta, shugaban yajin aiki. Ya yi kuka, Gyara, kukan gaske, na ga kukan ƙarya da yawa a aikin nan, na san bambanci. Ya ce da safe ake kawo masa takarda da jerin sunaye, ya sa hannu a ƙasa kafin shayinsa ya huce. Ya ce bai taɓa karantawa ba, da gangan, don kada su hana shi barci. Mutum biyu ne suka san inda ake kai su, duk sun riga shi mutuwa." Ya mayar da tabarau. "Bai tuna shi ba."

"Bai tuna shi ba."

"Bai tuna ba," in ji Fasto.

Gyara ya juya fuskar kwamfutar da ƙarfi har wayarta ta kusa cirewa. "Wannan fa? Hannu biyu ya sa ya kama shi! Dubi haƙoransa a waje! Wannan ne bai tuna ba?"

Fasto ya dubi hoton, ya kau da kai.

"To a kan me ya tuba?" in ji Gyara.

"A kan duka."

"Duka! Kamar mai sarin kaya? Ya kashe ɗai-ɗai, ya tuba a dunƙule? Haba, Fasto! Ni in na ɓata wa mutum aiki, sai na san shafi nawa ne, layi nawa ne, kafin in buɗe baki in ce a yi haƙuri. Shi ya ce duka, ka zuba masa ruwa a ka, shi ke nan, an wuce wurin? Ka hau rediyo kana shela, tsohuwa tana ji, ta ɗauka yau za a nuna mata inda ɗanta yake. Me zan je in ce mata? In ce ɗanki bai kai a tuna da shi ba, amma albishirinki, wanda ya kashe shi yana hutawa a wurin Ubangiji?"

"Ba ni na yafe masa ba," in ji Fasto, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ni da wannan ikon. Na ga mutum yana nutsewa ya miƙo hannu, ban iya naɗe nawa ba. Kana so in ce maka yana wuta? Ban sani ba. Abin da na sani, in alherin Yesu bai isa ya kai wurinsa ba, ban da tabbacin ya kai wurina. Ina garin nan lokacin. Na ji an ɗauke yayanka ranar Talata, ranar Lahadi na hau na yi wa'azi a kan haƙuri. Ko sunansa ban kira ba. Tsoro na ji."

"Na tuna," in ji Gyara. "Ina benci na uku."

Abin da ke cin ran Gyara, wanda bai iya faɗa wa Fasto ba, shi ne ya gaskata. Da bai gaskata ba da abin ya zo da sauƙi, ya ce ƙarya ce ta manya, ya tofar ya wuce. Amma shi da bakinsa ya sha koya wa masu shirin baftisma cewa ba zunubin da ya fi ƙarfin jinin Yesu, ba kuma lokacin da ya yi latti. Ya faɗa da daɗin baki, lokacin da zunubin na wasu ne a kan wasu. Yau an kawo masa maganar har shago, ya ga ashe ba ya son ta ko kaɗan. Yana fushi da Mai Gada, yana fushi da Fasto, kuma in za a bi gaskiya yana fushi da Allah, ya rasa ta inda zai fara.

Ana cikin haka mota ta tsaya a ƙofa. Barista ta shigo da baƙaƙen kaya da baƙin tabarau, waya a kunne tana ba da umarni a kan kujeru da rumfuna. Da ta cire tabarau sai ga idanu a kumbure. Kukan gaske ta sha ita ma, wannan ba a ƙwace mata ba. Ta gaishe da Fasto, ta gyaɗa wa Gyara kai, ta jawo kwafin gwajin, ta buɗe shafin ƙarshe, ta zaro biro.

Gyara ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar. "Ranki ya daɗe, a nan ba a sa hannu sai an karanta."

"Malam, ba ni da lokaci. Na yarda da aikinka."

"Ni ban yarda ba. Sunaye da rubutun ƙasan hotuna kawai. Da ƙarfi, in ji da kunnena. Dokar shagon ce, tambayi Fasto."

Ta dubi Fasto, ya gyaɗa kai ba tare da ya ɗago ba. Ta yi ɗan tsaki, ta fara karantawa a tsaye, da sauri, da muryar kotu. Shafi na uku, marigayi da iyayensa. Na biyar, ranar rantsuwa. Na bakwai, buɗe asibitin yara. Ta juya shafi na tara, bakinta ya riga idonta. Ta kira sunan Yaya cikakke, duka ukun, ta ɗan yi tuntuɓe a na tsakiya. Ta ci gaba: "Shugaban malamai. An ɗauke shi kwana uku bayan wannan hoto. Har yau ba a faɗa wa mahaifiyarsa inda..." A nan ta tsaya.

Matar Gyara ta daina naɗe katuna.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Ba abin da na bayar ba ke nan."

"Ba na buga fuska ba suna. Kin ce malamai. Wannan ba malamai ba ne, mutum ɗaya ne."

Barista ta ajiye biron. "Babana ya tuba. Ya yi kuka a gabana har na kasa kallonsa. Allah ya yafe masa. Kai wane ne da za ka tono shi kafin ma a binne shi?"

"Ƙaninsa ne ni." Ya nuna siririn mutumin da ɗan yatsansa mai tawada.

Ta dubi hoton, ta dubi Gyara, ta sake duban hoton. Na ɗan lokaci fuskarta ta saki, har Gyara ya ɗauka za ta zauna. Ina! Sai ta ɗaure ta tamau. "Ban san shi ba. Shekarata tara lokacin. Mutumin da kake magana a kai shi ke goya ni a wuya, shi ke yanka mini farce. Jana'iza za mu yi, ba shari'a ba."

"An taɓa kai mu shari'ar ne? Ku kuna da akwati, kuna da rami, kuna da dubu uku da za su zo su yi kuka. Mu layi uku muka nema."

"Fasto, kana zaune ana yi mini wannan?"

Fasto ya ɗago. Ya ce, "Abin da ya rubuta gaskiya ne, 'yata. Da za ki bari a buga, da ya fi duk sauran shafukan kama da tuban babanki."

"Kai ma?" Ta tattara hotunan tana cusawa a ambulan. Ta ce akwai masu inji da yawa a garin, kafin dare za a gama mata. Da ta zo kan na goma sha huɗu sai ta tsaya, ta wurga shi kan tebur. "Wannan ka riƙe. Ba zai sake shiga gidanmu ba."

Ta fice. Fasto ya tashi ya bi ta, a bakin ƙofa ya waiwayo kamar zai ce wani abu, Gyara ya juya masa baya.

Ya rufe shago tun kafin la'asar. A hanya wani tunani ya zo masa, ya bi shi har ƙofar gida. Akwai wani fili bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ciyawa da tsofaffin tayoyi kawai. Zai iya ɗaukar Mama a mota ya kai ta, ya ce nan ne, Fasto ya ce nan ne. Ta tsaya, ta yi addu'arta, ta mutu da kwanciyar rai. Wa zai sani? Ya juya abin ta ko'ina, bai ga wanda zai cutu ba. Amma da ya ɗaga labulen ɗakinta ya ga ta riga ta ɗaura ɗankwalin fita, takalmanta a jere a gaban gado, sai ya san ba zai iya ba.

Ya durƙusa ya miƙa mata hoton. Ta matso da shi kusa da taga. Ta daɗe tana kallo. Ta sa babban yatsa ta rufe fuskar Mai Gada, ta bar ɗayar.

"Dubi wuyansa," ta ce. "Na ce masa ya riƙa cin abinci kafin ya fita taron nan, ba ya ji." Ta shafa aljihun rigar. "Ni na ɗinke masa wannan aljihun, biro ya huda shi." Sannan, ba tare da ta ɗago ba: "Ya faɗa?"

"Bai faɗa ba, Mama."

"Ya ƙi?"

"Bai ƙi ba," in ji Gyara. "Fasto ya tambaye shi sau uku. Bai tuna shi ba. Wai takarda ake kawo masa, ya sa hannu bai karanta ba. Waɗanda suka san wurin sun mutu. Babu wurin da za a nuna miki."

Mama ta ajiye hoton a cinya. Ta sa hannu ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi biyu, ta ninke huɗu. Gyara ya jira kuka, bai zo ba.

"Wata tara na ɗauke shi," ta ce. "Kwana biyu ina naƙuda. Shekara talatin da huɗu ina kallonsa. Shi kuma bai karanta ba." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Fasto ya ce da gaske ya tuba?"

"Haka ya ce."

"Kai fa, me ka gani?"

"Ina tsoron gaskiya ne, Mama. Abin da ke ƙona ni ke nan."

"To madalla. Ni ina so ya zama gaskiya."

"Mama!"

"Kai yaro ne, Auta. In wuta ya shiga ai ya tsere mini. A can wa zai gaya masa wanda ya kashe? Zai ƙone bai sani ba. Amma in inda ɗana yake ya je, to yau kwana huɗu ke nan suna wuri ɗaya. Ba mai gadi, ba sakatare, ba katanga." Muryarta ta fara tashi, ta buga ƙirji da tafin hannu. "Ni ma ina tafe, ba nisa. In Yesu ya yafe masa, ban hana ba, ba ni na mutu dominsa ba. Amma zan kamo hannun ɗana in kai shi gabansa, in ce, ga shi, dube shi da kyau, kira sunansa. Ko da mala'iku sun jawo mini kujera, ba zan zauna ba sai ya kira shi daidai."

Ta tura takalman ƙarƙashin gado da ƙafa. Gyara ya kifa kansa a gefen katifar, ya yi kukan da bai yi ba tun yana ɗan shekara ashirin da tara.